Daga kaset zuwa wayar hannu: tarihin kallon fim a gida a ƙasar Haɗejia da masu iko da shi

Fim ɗin Hausa na zamani a kan kaset aka haife shi, kuma a cikin gida ya girma. Mafi yawan finafinan da mutanen ƙasar Haɗejia suka kalla tun daga 1990 sun kalle su ne a falo, a tsakar gida, a ɗakin amarya, a shagon maƙwabci, ko kuma a fuskar wayar hannu. Duk da haka, kusan babu wani mataki na tafiyar fim, daga rubuta labari zuwa tacewa da sa farashi, da ake yanke shawararsa a ƙasar Haɗejia. Wannan bayani ya bi sawun hanyar da fim yake bi kafin ya iso gaban mai kallo a wannan yanki, da yadda hanyar ta sauya sau da dama, da kuma hannuwan da suke riƙe da ita a yau.

Ƙasar da ake magana a kanta

Masarautar Haɗejia tana arewa maso gabashin Jihar Jigawa, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗejia, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Rayuwar yankin ta rataya ne a kan Kogin Haɗejia, wanda yake samun ruwansa daga kogunan Kano da Challawa, sannan ya bazu cikin fadamun da suka miƙa har Nguru a Jihar Yobe. Noman shinkafa da alkama da kayan lambu, da su, da kiwo, su ne ƙashin bayan tattalin arzikin mutanen wurin.

Har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, Haɗejia tana cikin Jihar Kano ne. Rabuwar ta mayar da harkokin mulki Dutse, amma ba ta sauya alƙiblar kasuwanci ba. Hanyar mota da layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa, sun ci gaba da haɗa yankin da kasuwannin Kano. Har madatsun ruwan da suke juya yawan ruwan kogin, wato Tiga da aka kammala a 1974 da Challawa da aka kammala a 1992, a Jihar Kano suke. Kamar yadda ruwa yake gangarowa daga can, haka fim ma yake gangarowa, kuma wannan dangantaka ce mabuɗin fahimtar sauran bayanin.

Kafin zuwan kaset

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofofi uku kafin na'urar bidiyo. Ta farko ita ce majigi, motar da gwamnatin mulkin mallaka, daga baya kuma gwamnatin Jihar Arewa, take aikawa garuruwa da ƙauyuka tana haska finafinan wayar da kai a kan tsafta da noma da biyan haraji. Majigi kyauta ce, a fili ake yin ta, sau da yawa a ƙofar fadar sarki ko hakimi, kuma hukuma ce take zaɓar abin da za a gani.

Ƙofa ta biyu ita ce gidan sinima na kuɗi. An buɗe Rex a Kano a 1937, Palace kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1950 a cikin birni, duk da adawar da wasu malamai suka nuna. 'Yan kasuwa Labanawa ne suka riƙe wannan harka, kuma su ne suka riƙa kawo finafinan Indiya waɗanda suka samu karɓuwa ƙwarai a wajen Hausawa. Sai dai sinima ta yi suna a matsayin wurin maza da 'yan iska, macen aure mai mutunci ba ta taka ƙafarta can.

Ta uku ita ce talabijin. Tashar Kaduna ta fara aiki a 1962, an kafa NTA a 1977, sannan gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, wadda ake kira ARTV a yau. Daga waɗannan tashoshi ne wasannin Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu suka shiga zukatan jama'a. Amma akwatin talabijin yana buƙatar wutar lantarki da kuɗi, kuma mai kallo ba shi da ta cewa a kan lokaci ko shiri.

Abin da na'urar bidiyo ta sauya

Kamfanin Sony na Japan ya fitar da na'urar Betamax a 1975, JVC kuma ya fitar da VHS a 1976, wadda daga ƙarshe ta mamaye kasuwar duniya. Na'urorin sun iso Nijeriya a lokacin da kuɗin man fetur ya wadata, sai ma'aikata da 'yan kasuwa da alhazai masu dawowa daga Saudiyya suka fara ajiye su a gida. Da farko finafinan Indiya da na Amurka da na Hong Kong ake kallo, tare da kasusuwan wa'azi da na bukukuwa.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda masana suke ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi domin kasuwa. Hakan ya zo ne shekara biyu kafin Living in Bondage na 1992, wanda ake dangantawa da farkon masana'antar Kudu. Marubutan littattafan soyayya na Kano, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, sun mayar da labaransu fim, masu karatunsu kuma suka biyo su. A 1999 fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya tabbatar da salon waƙa da rawa da kiɗan fiyano a matsayin abin da yake sayar da kaset. A wannan shekarar ce aka fara buga mujallar Fim, kuma a cikinta ne sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa, shekara uku kafin sunan Nollywood ya bayyana a jaridar New York Times.

Babban sauyin da kaset ya kawo shi ne na masu kallo. Matar da take cikin kulle, wadda sinima ta haramta gare ta, ta samu fim har ɗakinta. Yara su ne 'yan aike zuwa shagon haya, kaset guda kuma yakan zagaya gidaje da dama kafin a mayar da shi. Talabijin da na'urar bidiyo suka shiga cikin kayan ɗakin da ake yi wa amarya a gidajen masu hali. Wannan ne ya sa labaran finafinan suka karkata ga aure, kishi, auren dole, gado da zaman uwar miji, domin furodusa ya san waɗanda suke zaune a gaban akwatin. Wanda ba shi da na'ura kuwa, musamman samari a ƙauyuka, sai ya tafi gidan kallo, inda mai janareto yake karɓar 'yan kuɗi kaɗan a bakin ƙofa.

Ƙofar Wambai da cinikin kwali

Kaset ɗin da ya isa shagon haya a Haɗejia ko Kafin Hausa, galibi daga Kano aka saro shi, kuma cibiyar wannan ciniki ita ce kasuwar Ƙofar Wambai da yankin Bata. 'Yan kasuwar wurin sun daɗe da ƙwarewa wajen kwafar finafinan waje da kasusuwan waƙa da wa'azi, suna da injinan kwafi da jarin sayen kaset marar komai, suna kuma da abokan ciniki a kowane gari har Nijar da Kamaru da Gana. Da finafinan Hausa suka fito, kan wannan hanya da aka riga aka share suka hau.

Masanin nan ɗan Amurka, Brian Larkin, ya bayyana tsarin a littafinsa Signal and Noise na 2008. Furodusa yakan kammala fim, ya buga kwalin da za a saka kaset a ciki, sannan ya ba 'yan kasuwa uwar kaset su kwafa da kansu, shi kuma ya sayar musu da kwalin. Ma'ana, haƙƙin mallakarsa a jikin kwalin yake, ribarsa kuma ta dogara ga yawan kwalin da ya shiga kasuwa. Tsarin ya sauƙaƙa wa matasa marasa jari shiga sana'ar, amma ya ba dillalai ƙarfin faɗa a ji. Su ne suke sanin fuskar jarumin da take sayarwa, su ne suke tsara ranar fitar da fim, sau da yawa kuma sai bayan an sayar suke biya.

Mai shagon haya a gari irin Haɗejia yana can ƙarshen wannan sarƙa. Kaset guda yake saya, ya bayar da shi haya sau da yawa, kuma babu kason da yake komawa ga wanda ya yi fim ɗin daga kuɗin hayar. Wannan saɓani tsakanin yawan masu kallo da ƙarancin abin da yake shiga aljihun furodusa ya fara ne tun zamanin kaset, kowace sabuwar fasaha kuma ƙara faɗaɗa shi ta yi.

Faifai da durƙushewar kasuwa

A cikin shekarun 2000 faifan bidiyo ya maye gurbin kaset. Na'urorin kunna faifai ƙirar Sin sun yi arha, faifan kansa ya fi kaset sauƙin ɗauka, hotonsa kuma ba ya dushewa saboda yawan kallo, ko da yake ƙarzuwa kaɗan takan sa ya riƙa tsayawa. Gidajen da ba su taɓa mallakar na'urar kaset ba suka samu ta faifai, masu talla kuma suka riƙa kai finafinai kasuwannin ƙauye a kan baro da kekuna.

Sauƙin da ya yaɗa faifan shi ne ya kassara kasuwarsa. Kwafar kaset tana cin lokaci daidai da tsawon fim ɗin, kowane kwafi kuma yana rage kyan hoto. Faifai kuwa duk mai kwamfuta zai iya kwafarsa cikin 'yan mintuna, kwafin ya fito daidai da na asali. Satar fasaha ta zama sana'ar da ba ta buƙatar babban jari. Bayan haka sai finafinan Indiya da aka ɗora musu murya da Hausa, waɗanda ake kira Indiya-Hausa, suka shigo kasuwa ta hannun kamfanoni irin su Algaita. Fassarar ba ta cin kuɗin da shirya sabon fim yake ci, masu kallo kuma sun samu labarin da suka saba so cikin harshen da suke ji. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 cinikin faifai ya durƙushe, dillalai da yawa suka koma wasu sana'o'i.

Masu tura fim

Layukan wayar salula sun fara aiki a Nijeriya a 2001, amma sai da ƙananan wayoyi masu karɓar memori suka yawaita sannan waya ta zama akwatin kallo. Daga nan aka samu sabuwar sana'a, ta masu tura fim. Matashi yakan kafa tebur ko ɗan shago da kwamfuta da rumbun ajiya, sau da yawa haɗe da cajin waya, ya riƙa zuba wa mutane finafinai da waƙoƙi da wa'azi a memori a kan kuɗi kaɗan. A garuruwan Arewa, har da na Jigawa, ana samun irin waɗannan wurare a tashoshin mota da bakin kasuwa da kusa da makarantu. Wanda aka tura wa kuma zai iya tura wa abokinsa ta Xender ko Bluetooth ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Wannan hanya ta dace da yanayin karkara, domin ba ta buƙatar intanet, ba ta kuma buƙatar wuta sai ta cajin batir. Manomin da yake kwana a gonar rani, da masuncin da yake jiran dare a bakin ruwa, da yarinyar da take aikin gida, kowa yana iya ɗaukar fim ɗinsa a aljihu. Ta kuma sauya yadda ake kallon. A zamanin kaset iyali suna zama wuri guda, uba ko uwa suna ganin abin da yara suke gani. Waya ta mayar da kallo abin mutum ɗaya, abin da ya sa muhawarar tarbiyya ta tashi daga kan abin da ke cikin fim ta koma kan abin da ke cikin memori.

Ta fuskar doka, turawa ba tare da izinin mai fim ba keta haƙƙin mallaka ce. Ta fuskar rayuwa, sana'a ce da matasa da yawa marasa aikin albashi suke ci da ita. Duk wani yunƙuri na gyara harkar dole ne ya dubi waɗannan fuskoki biyu tare.

Zamanin fim mai dogon zango

Da kasuwar faifai ta mutu, masu shirya fim sun nemi mafita a wurare biyu: tashoshin tauraron ɗan'adam da YouTube. Tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014, da tallafin farko daga Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta hannun ƙungiyar Equal Access, a lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari. Ana kama ta kyauta da faranti da dikoda, abin da ya kai ta gidajen da ba sa iya biyan kuɗin wata. Shirinta Daɗin Kowa ya saba wa jama'a da bin labari mako-mako, Kwana Casa'in kuma, wanda ya fara a 2019, ya kawo maguɗin zaɓe da cin hanci da aikin jarida cikin labarin wani gari da aka ƙirƙira mai suna Alfawa.

A 2020, shekarar kullen annobar korona, Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa fim mai dogon zango zai iya tara ɗimbin masu kallo a YouTube. An kuma gwada manhajojin biyan kuɗi, irin su Northflix da ta fara a 2019. A sabon tsarin, kuɗin furodusa yana fitowa ne daga tallar da YouTube yake sakawa, da tallar kayayyaki a cikin shirin, da kuɗin da tashoshi suke biya.

A nan ma mai kallo na karkara yana gefe. YouTube yana biya ne gwargwadon abin da masu talla suke kashewa a ƙasar da aka kalli shirin, don haka kallo daga Saudiyya ko Turai ya fi kallo daga Nijeriya kawo kuɗi. Kallon da aka yi daga memori kuwa ba ya shiga lissafi ko kaɗan. Shirin da aka sauke sau ɗaya a Haɗejia zai iya isa wayoyi masu yawa a Guri da Kirikasamma, amma a idon na'urar ƙidaya mutum ɗaya ne ya kalla. Wanda ba ya cikin lissafi kuwa, da wuya a yi la'akari da shi sa'ad da ake zaɓar labari. Finafinan da suka fi yawa suna nuna rayuwar birni da manyan gidaje, ba kasafai ake ganin manomin fadama ko masunci a tsakiyar labari ba.

Wa yake tace abin da ake kalla?

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya saka tace finafinai cikin jerin al'amuran da tarayya da jihohi suke tarayya a kansu. Majalisar Tarayya tana da ikon kafa hukumar tacewa, majalisar kowace jiha ma tana da ikon kafa tata. Haƙƙin mallaka kuwa na tarayya ne ita kaɗai. Hukumar tace finafinai ta ƙasa an kafa ta a 1993. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta maye gurbin ta 1988, ta kuma shigar da abubuwan da ake ɗorawa a intanet.

A aikace, hukumar da ta fi tasiri a kan fim ɗin Hausa ita ce ta Jihar Kano. Bayan dawo da shari'ar Musulunci a 2000, shekarar da Jigawa ma ta ƙaddamar da ita, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 domin a ci gaba da aiki bisa sharuɗɗa. A 2007, bayan yaɗuwar wani hoton bidiyo na sirri da ya shafi wata 'yar fim, an naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. A wannan zamani ne aka ɗaure Adam A. Zango a 2007, da Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a 2008, wasu masu sana'ar kuma suka koma Kaduna da Jos. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji bayan wasu malamai sun yi adawa da shi. A Mayun 2025 kuma hukumar ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin sakin su ba tare da an tace ba.

Ikon wannan hukuma a doka ya tsaya ne a iyakar Jihar Kano. Amma tun da a Kano mafi yawan kamfanoni da jarumai suke, duk hukuncin da ta yanke yana isa wayar mai kallo a Auyo ko Birniwa. Gwamnan Kano ne yake naɗa shugabanta, majalisar Kano ce take iya gyara dokarta, ɗan Jigawa kuma ba ya zaɓen ko ɗaya daga cikinsu. Masu goyon bayan tacewa suna cewa kare tarbiyya da addini wajibi ne a kan hukuma, musamman da yake fim ya shiga ɗakunan mata da yara. Masu suka suna nuni da lokutan da aka kama mawaƙa da daraktoci a yanayin da ya yi kama da ramuwar siyasa, kamar kamun mawaƙi Aminu Ala a 2009. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ɓangarorin biyu: finafinan waje da gajerun bidiyon TikTok da suke cika memori ba su bi ta gaban kowace hukumar tacewa ba.

Wuta, data da damina

Kallo a gida yana buƙatar wuta, wutar yankin kuma tana hannun kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa bayan sayar da kamfanonin gwamnati a 2013. Ƙauyuka da dama a fadama sun dogara ne ga janareto da farantin hasken rana. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga kuɗin tayar da janareto, wanda ya shafi gidajen kallo da masu cajin waya kai tsaye. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da yawa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da suke kawo wuta. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana ƙara tura mai ƙaramin ƙarfi wajen mai tura fim, ya nisanta shi da hanyar da take biyan furodusa.

Yanayin shekara ma yana da nasa tasiri. Kuɗi sun fi zagayawa da kaka da kuma bayan girbin noman rani, masu fim kuma sun daɗe suna ajiye manyan ayyukansu domin bukukuwan Sallah. A watan azumi kallo yakan ja baya, tafsiri ya karɓi wurinsa. Da damina kuwa, a shekarun da kogi ya tumbatsa kamar 2012 da 2020 da 2022, ambaliya ta rushe gidaje, ta cinye gonaki, ta yanke hanyoyi a sassan masarautar. Toshewar magudanan ruwa da ciyawar kacalla take yi tana ƙara tsananta matsalar. A irin wannan lokaci wayar da ake kallon fim da ita ita ce ake ɗaukar hoton ɓarnar da ita a tura wa duniya.

Hanya ɗaya ce da ta siyasa

Hanyar da fim yake bi ita ce saƙon siyasa yake bi. Waƙoƙin yaƙin neman zaɓe, irin waɗanda Dauda Kahutu Rarara ya yi suna da su tun daga zaɓen 2015, a memori ɗaya suke tafiya da finafinai da wa'azi. 'Yan siyasa suna ɗaukar jarumai domin tallata su, a Janairun 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos. Mai tura fim, da yake shi ne yake zaɓar abin da zai zuba wa wanda ya ce masa kawai ya saka sababbi, ya zama wani irin edita da babu wanda ya naɗa shi. Bidiyon ƙarya ko wanda aka yanke aka sauya masa ma'ana yana yaɗuwa ta wannan hanya cikin sauƙi, gyaran da masu binciken gaskiya suka wallafa a intanet kuma ba lallai ne ya bi sawunsa zuwa wayar da ba ta hawa intanet ba.

Abin da yake salwanta

Kaset ɗin bidiyo ba ya jure zafi da ƙura da danshi, faifai kuma yana ƙarzuwa. Finafinan Hausa na shekarun 1990 da farkon 2000 an adana su ne a kan waɗannan kayayyaki, wasu kuma kwafin da ya rage yana cikin akwatin wani tsohon mai shagon haya ne ko a ɗakin wata uwa. Haka nan kasusuwan da masu ɗaukar bidiyo na gari suka naɗa na hawan Sallah da naɗin sarauta da bukukuwan aure da tarukan siyasa, waɗanda su ne hoton rayuwar yankin a wancan zamani. A ƙasar da ruwa yake shiga gidaje, irin wannan ajiya tana cikin haɗari fiye da ko'ina.

Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan tarihin masana'antar, amma mafi yawan nazarin da aka yi ya karkata ne ga Kano, inda ake shirya finafinan. Yankin Haɗejia yana da manyan makarantu da za su iya ɗaukar ɓangaren masu kallo, wato Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejia. Tattara tsofaffin kasusuwa, da mayar da su cikin kwamfuta, da naɗar bayanan waɗanda suka riƙe shagunan haya da gidajen kallo tun suna raye, aiki ne da ba ya jiran izinin Kano ko Abuja. Na'urorin da suke iya kunna kaset ɗin ma suna ƙarewa, domin kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera su, Funai na Japan, ya daina a 2016.